Zanen Zamani da Rayuwar Birni: Tambayoyi da Amsoshi

Wai shin me ake nufi da zanen zamani?

Masana tarihin zane sukan ce ya faro ne a wajajen 1860 a ƙasar Faransa, ya kai har wajajen 1970. A nan za mu haɗa har da abin da ake yi a yau, tunda daga can ya samo tushe. Kuma ba fenti a kan ƙyalle kaɗai ake nufi ba. Sassaƙa, ɗaukar hoto, ginin tukwane da zanen bango duk suna ciki.

Abin da ya raba shi da na da shi ne abin da ake zanawa da kuma yadda ake zanawar. Ɗaruruwan shekaru mai zane a Turai yaron coci ne kuma yaron fada. Ya zana labaran addini, ya zana yaƙin da sarki ya ci, ya zana fuskar attajiri da ta matarsa, a sallame shi. Sai aka sami wasu suka juya wa wannan baya, suka koma zana mai wanki da guga, da tashar jirgin ƙasa, da taron mutanen da ke sauri a titi. Suka kuma daina wahalar da kansu a kan lallai sai zane ya fito sak da abin da ido yake gani.

Me ya sa a birni abin ya tashi?

Saboda a birni rayuwa ta fara birkicewa. Tsakanin 1853 da 1870 Sarki Napoleon na 3 ya ɗora wa wani jami'i mai suna Haussmann aikin sake fasalin birnin Paris. Aka rushe tsofaffin unguwanni masu lunguna, aka fasa manyan tituna miƙaƙƙu, aka gina magudanan ruwa, aka kafa fitilun gas. Haya a tsakiyar gari ta fi ƙarfin talaka, ya kwashe komatsansa ya koma bayan gari. Mutum an haife shi a Paris, sai ga shi ya wayi gari bai gane garinsu ba.

Akwai wani zane na Gustave Caillebotte na 1877, yanzu yana wani gidan tarihi a Chicago. Faffaɗar mahaɗar tituna ce a sabuwar Paris ɗin, ana yayyafi, duwatsun da aka daɓe titin da su sai sheƙi suke yi, kusan kowa riƙe da lema. A gaba ga wani mutum da wata mata cikin ado suna tafe, sun karkata suna kallon wani abu can gefe. Ka duba zanen daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu masu gaisawa, babu wanda ya tsaya da wani. Duk wanda ya taɓa barin garinsu, inda ba a wuce mutum ba tare da sannu ba, ya sauka Legas ko Abuja, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan zane.

A shekarar ce kuma Claude Monet ya tare a tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare ya yi zane 12, yawanci hayaƙi ne da tururi da baƙin ƙarfe. Ga masu faɗa-a-ji na lokacin wannan ɓata fenti ne. Dama sun sha ƙin karɓar aikin su Monet a babban baje kolin gwamnati, shi ya sa a 1874 suka haɗa kai suka shirya nasu a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto, 'yan jarida suka yi ta yi musu ba'a.

Wani ƙaramin abu ya taimaka wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. A 1841 aka ƙirƙiro kwanson fenti na ƙarfe mai laushi wanda ake matsawa. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗura fenti, da zarar an huda shi ke nan sai ya fara bushewa. Da kwanson ya samu, sai mai zane ya zuba kayansa a jaka ya fita titi, ko ya hau jirgin ƙasa ya je bakin kogi. Masana'antar da ta canza garin ita ce ta ba shi kayan aikin da ya zana canjin.

Wasu zanukan ba sa kama da komai. Yaro ma ai zai iya, ko ba haka ba?

Wani lokacin haka ne. Ba duk abin da aka rataye a bangon ɗakin baje koli ne ya cancanci a jinjina masa ba, a wannan sana'a ma akwai masu cin kasuwar bayan fage. Amma a san inda abin ya samo asali. A 1839 aka bayyana wa duniya na'urar ɗaukar hoto, kafin a ankara ta ƙwace sana'ar zana fuska. Sai masu zane suka shiga neman abin da kyamara ba ta iya kamawa: gaggawa, hayaniya, fargaba, kaɗaici a tsakiyar taro.

Pablo Picasso yana ɗan shekara 15 ya riga ya iya zana mutum har ka rantse zai yi magana. Amma da jiragen Jamus da Italiya suka yi wa garin Guernica na Sifen ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilun 1937, bai zana abin sak ba. Ya yi wani ƙaton zane mai faɗin kusan mita 8, babu launi sai baƙi da fari da ruwan toka, komai a karye: doki ya wage baki, uwa ta ɗaga kai sama riƙe da gawar ɗanta, hannu can, ƙafa can. Garin da bam ya tarwatsa ne, shi ya sa ya tarwatsa surar. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko karkacewar tana faɗin wani abu, ko kuwa rufa-rufar rashin iyawa ce.

Ashe ba al'adar Turawa ba ce kawai muka kwaso?

Aron bai tafi ta hanya ɗaya ba. Shi kansa Picasso sai da ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a wani gidan tarihi na Paris a 1907 sannan salonsa ya juya.

A Nijeriya ana fara lissafi ne daga Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882. Shi ya koya wa kansa zane, daga baya a 1920 ya tafi Landan ya ƙaro ilimi, ya dawo ya yi ta faman sai an sa zane a cikin darussan makarantun Legas. Fuskokin manyan Legas yake zanawa, cikin kwat ko babbar riga. A ido aikin Bature ne sak, kuma da gangan ya yi, don ya ƙaryata masu cewa baƙin mutum ba zai iya ba. Amma ka lura da su wa ke zama a zana su: sabon rukunin 'yan boko da 'yan kasuwa da birni ya haifar, masu son a gan su yadda suke ganin kansu.

Babban juyin kuwa a Zariya aka yi shi. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan aka kawo shi kwalejin da ke Samaru, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce. A 1958, ana saura shekara 2 a karɓi 'yanci, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane: Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da sauransu. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a zubar da abin da Bature ya koyar ba. Cewa suka yi a riƙe dabarunsa, amma kowa ya koma gida ya tono abin da ya gada ya haɗa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya yi ta zana mutanen Legas cikin shuɗin launin da har ya rasu a 2021 da shi aka san shi.

Nwoko ya yi wani zane da ya sa wa suna Nijeriya a 1959. Jami'an mulkin mallaka ne a zaune, fuskokinsu a zazzage, duk sun gaji, baƙaƙen dogarawansu na tsaye a bayansu cikin duhu-duhu. Ko ba a gaya maka ba ka san mulkin ya zo gargara. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma 'ya'yanta su suka je suka riƙe makarantun zane a Nsukka da Yaba da wasu wurare. A Oktoban 2025 gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban baje koli a kan zanen zamani na Nijeriya, kuma ɗaliban Zariya na cikin waɗanda aka fi ba fili.

To ƙasar Hausa fa? Muna da namu ne, ko kallo kawai muke yi?

Muna da shi, sai dai ba a ƙyalle aka fara yin sa ba, kuma masu yin sa ba su sa hannu a ƙasan aikinsu ba. Magina ne.

Adon bango tsohon abu ne a nan. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne. Amma a wancan zamani adon ya fi yawa a ciki, a fada da masallaci da sorayen manya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga da fata ya buɗe, sai kuɗi ya shiga hannun mutanen da ba 'ya'yan sarauta ba. Ɗan kasuwa ba shi da rawani, ba shi da 'yan rakiya, to da me zai nuna ya samu? Sai adon ya fito waje, ya hau fuskar zaure inda duk mai wucewa zai gani.

Ka tsaya gaban irin wannan zaure a cikin birnin Zazzau ko Kano, ko a Birni da Zango na Damagaram. A sama ga zankwaye. Kewayen ƙofa magini ya bi da hannu tun ƙasar na ɗanye, ya tayar da zane ya fito ɓaro-ɓaro, ya murza shi da yatsa, dagi na shiga dagi irin na wuyan babbar riga. Sai kuma a tsakiyar wannan tsohon salo idonka ya faɗa kan keke, da ƙafafunsa biyu da sarƙarsa. A wani gidan mota ce, a wani agogo, a wani jirgin sama, kusa da takobi ko allo. Maginin nan bai taɓa jin sunan Monet ba, amma aikin da suka yi ɗaya ne: sabon ƙarfe ya shigo gari ya canza rayuwar mutane, suka sa shi a zane. Keke a bangon mutum a wancan lokaci sanarwa ce cewa mai gidan nan ya shiga zamani.

Da siminti ya zo sai salon ya sake. Aka koma shafe bango da shi, a karce zanen tun bai bushe ba, a bi shi da fenti kore da ja da rawaya. Da bulo da tayil da rufin kwano suka mamaye, sana'ar ta ja baya ƙwarai. Gidajen da suka rage suna ta zubewa duk damina, magada kuma da sun sami hali sai su rushe su sa bulo. Ba a ga laifinsu ba, yaɓe duk shekara ba ƙaramin aiki ba ne, amma abin da ke tafiya ba ya dawowa.

Daga bango zanen ya koma jikin mota. Manyan motoci masu bodin katako da ke jigila tsakanin Arewa da Kudu kowace da adonta: zaki, dawisu, masallaci, jirgin sama, jarumin fim ya ɗaga ƙafa, a sama kuma an rubuta "Allah ya kiyaye hanya" ko "Hassada ga mai rabo taki ce". Allon mai aski ma haka, kawuna a jere kowane da irin askin da ake yayi. Yanzu na'urar buga bana ta karɓe yawancin wannan aiki daga hannun masu burushi. A Kano kuwa, musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, bayan adaidaita sahu ya zama allon gari. Hoton malami, jar hula, tambarin ƙungiyar ƙwallo, habaici ga maƙiyi, addu'a ga mahaifiya. Mai son sanin inda hankalin matasan gari ya karkata, cunkoson yamma kawai ya ishe shi karatu.

Me ya sa duk sanda aka ce a zana Arewa sai ka ga doki da rawani?

Saboda shi ake saya. Otal da banki da baƙon da ke neman tsaraba hawan sallah suke so, ko 'yar Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, ko mai kakaki. Tun zamanin ɗaliban farko na Zariya Arewa ke jan idon masu zane. Uche Okeke ya zana masu sallar Juma'a, Jimo Akolo ya yi mahayan dawaki da makaɗa, kuma aikinsu na da ƙarfi. Matsalar ita ce masu kwaikwayo da suka biyo baya sun mayar da abin hatimi, doki ɗaya ake ta maimaitawa fiye da shekara 60.

A cikin shekarun nan ne aka buɗe masaƙar farko a Kakuri ta Kaduna a 1957, dubban mutane suka baro gona suka zama ma'aikatan kamfani masu shiga aiki da jiniya, sannan a shekarun 2000 masaƙun suka durƙushe suka bar su a titi. An yi dalar gyaɗa ta ɓace. An yi unguwanni sun rabu bisa addini bayan rikice-rikice. Ga 'yan gudun hijira, ga 'yan ci-rani, ga layin masu kurar ruwa a bakin rijiyar burtsatse. Wannan ita ce Arewar birni, kuma kasonta a bangon ɗakunan baje koli bai taka kara ya karya ba. Akwai waɗanda suka kauce wa hatimin, irin su Farfesa Jerry Buhari na Zariya, wanda ya daɗe yana aiki a kan lalacewar muhalli da halin da ƙasa ke ciki. Ana bukatar irinsu da yawa.

Malam, ina matsayin addini? Ba an hana yin sura ba?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce babban dalilin da ya sa iyaye da yawa ba sa barin ɗansu ya karanta zane. Akwai hadisai ingantattu masu tsananin gargaɗi ga masu yin sura. Akwai kuma labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce da wannan sana'a yake ci, sai ya ce masa in babu makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan cikakkiyar sura mai jiki, mai inuwa, ta abu mai rai. Zanen da ke shafe a takarda ko bango kuwa bai kai can ba. Wasu malamai sun tsananta fiye da haka, kuma a kan hoton kyamara ma an yi saɓani. Hukunci dai na malamai ne, a koma gare su.

Abin da za a iya ƙarawa shi ne zanen zamani ya fi kowane irin zane ba Musulmi fili, tunda bai dogara da sura ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a Landan, ya dawo Khartoum ya baje aikinsa irin na Turawa, mutanen gari ba su kula shi ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da ya tashi da shi, ya riƙa warware shi yana miƙar da shi har ya zama wani abu dabam. A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi wata 6 a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, ya riƙa zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi. A 2013 Tate Modern ta baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Mu ma muna da irin wannan gado a zayyanar allon sauka da ta Alƙur'ani rubutun hannu, da jan tawada da rawaya da kore. Abin mamaki ne yadda 'yan makarantar zane ba su cika waiwayarsa ba.

Mata fa, ina suke a wannan labari?

Juya takardar naira 20 za ka ga ɗaya. Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, ta gaji ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya kafa a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ba ta bar surar tulun gida ba, ba ta bar ƙadangare da kunama da kifi da take karcewa a jikinsa ba, amma aka shafa masa sinadarin sheƙi aka gasa shi a wuta mai tsananin zafi. Tulun ya yi kyau, ya yi nauyi, ya daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa. Ya tashi daga kan mai zuwa rafi ya koma kan teburin falo a Landan. Duk labarin yadda kayan amfanin ƙauye ke zama kayan kallon birni yana jikin tulun nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

A gida kuma jeren ɗakin amarya ya tashi daga ƙore zuwa kwanuka zuwa tangaran a cikin gilashi, ƙunshi ya tashi daga dunƙule zuwa zanen fulawa da ake kwafowa a waya. A Maiduguri, Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ƙonannun gidaje, ta riƙa sa hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah a Instagram. Garin na nan da ransa, kuma ta nuna hakan.

Na ga ana haɗa shara ana cewa fasaha ce. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma wasu daga cikin ayyukan da suka fi tsada daga Afirka da ita aka yi su. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun daga 1975, yana tara murafun kwalaben barasa, yaransa su bubbuge su su huda, a ɗinke dubbai da wayar tagulla, har su zama ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bangon bene. Daga nesa sai ka ce saƙi ne na alfarma. Sai ka matso ka ga sunayen kamfanoni, ka tuna barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa musanyawa da bayi a gaɓar teku. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin kuwa jarkokin fetur yake mayarwa fuskoki: bakin jarkar ya zama baki, mariƙin ya zama hanci. Jarkokin masu fasa-ƙwaurin mai ne daga Nijeriya, waɗanda ke ɗaura su a babur suna kasada da ransu.

Shara ita ce abin da birni ya fi samarwa, kuma tana faɗin abin da mutane ke ci da sha da abin da suke yarwa. Maƙeran da ke mayar da gwangwani fitilar aci-bal-bal da 'yan jari-bola sun riga kowa sanin darajarta.

Zane ya taɓa canza wani abu, ko dai rahoto kawai yake bayarwa?

Da wuya ka ga ya tare katafila. Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu ya zana unguwar Sophiatown ta Johannesburg, a 1940 gidan baje kolin birnin ya sayi ɗaya daga cikin zanukan, karo na farko da ya sayi aikin baƙar fata. Bai hana gwamnatin wariya ta fara kwashe mutanen unguwar a 1955 ta rushe ta ba. A Khartoum a 2019 matasa sun cika bangaye da zane a wurin zaman dirshan na gaban hedikwatar soja. Aka tarwatsa su ranar 3 ga Yuni, aka bi da yawa daga cikin zanukan da fenti aka shafe.

Amma wanda ya aika a shafe bango ya san abin da yake tsoro. Zane shaida ne da ke daɗewa bayan an rufe bakin masu magana. Jacob Lawrence, baƙar fatan Amurka, yana ɗan shekara 23 ya kammala jerin zane 60 a 1941 a kan ƙaurar miliyoyin baƙaƙe daga gonakin Kudu zuwa biranen Arewacin Amurka, kuma har yau da su ake koyar da wannan tarihi. Ya zo Nijeriya a 1962 da 1964 ya zana kasuwanni. A Zariya, Gani Odutokun ya yi wani zane a zamanin soja, sarki na raha da janar-janar ɗinsa, a lokacin da faɗin hakan a jarida na iya kai mutum kurkuku. Ya rasu a haɗarin mota a 1995.

Su wa ke sayen waɗannan abubuwa? Ana cin abinci da sana'ar?

A sama akwai kuɗi na fitar hankali. A 2018 an yi gwanjon wani zane mai suna Tutu na Ben Enwonwu, ɗan Nijeriya, a Landan a kan fam miliyan 1.2. A shekarar ce aka sayi wani aikin Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Nijeriya, sama da dala miliyan 3. Legas ta zama kasuwa sosai, musamman tun da aka fara baje kolin Art X a 2016. Sai dai ga abin da ke ciki: ana zana talakan birni, mai kuɗin birni ya saya ya kulle a falonsa, wanda aka zana ba zai taɓa gani ba.

A Arewa kasuwar ba ta da ƙarfi. Yawancin waɗanda suka karanta zane koyarwa suke yi, ko su koma tsara talla da kwamfuta, ko zana fuskar mai gida da fensir a kai masa ranar biki. Intanet ta ɗan buɗe ƙofa, don yaro a Gusau ko Maraɗi na iya samun mai saye ba tare da ya taka Legas ba.

Idan ina son in gani da idona, ina zan nufa, kuma me zan duba?

A Zariya ka shiga sashen zane na jami'a a Samaru, akwai filin sassaƙe-sassaƙen ɗalibai a waje, daga nan ka wuce cikin birni ka bi lunguna a ƙafa. Ka nemi izinin masu gida kafin ka ɗauki hoton zaurensu. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin tukwane da kwaikwayon manyan gine-ginen gargajiya, har da na masallacin Zazzau. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, inda masu sana'ar hannu ke aiki a gabanka. A Legas gidan baje kolin Nike da ke Lekki hawa-hawa ne cike da zane.

Idan ka tsaya gaban aiki, fara duba shekarar da aka yi shi, ka tuna me ke faruwa a garin a lokacin. Duba da me aka yi shi, ƙasa ce ko siminti ko fentin kanti ko gwangwani. Ka tambayi wa ya biya kuɗin aikin, don sau da yawa shi ya zaɓi abin da za a nuna. Idan mai zanen na kusa, yi masa magana. Yawancinsu suna son a tambaye su, kuma ba sai ka sayi komai ba.